Talo-Talo Ɗungurungum: Yadda Ake Dafa Shi A Gida Ba Tare Da An Yi Asara Ba

Duk shekara idan watan Disamba ya kama, kasuwannin kaji na Ikko da Badun da Kaduna da Jos sukan cika da kukan talo-talo. Wasu suna saye domin bikin Kirsimeti, wasu domin shiga sabuwar shekara, wasu kuwa kyautarsa ake kawo musu har gida, a ɗaure shi a bayan ɗaki yana ta baza wutsiya kafin ranar yanka ta zo. Tsuntsu ne mai tsada, gama kuɗin guda ɗaya ya isa a sayi kaji da dama.

A yawancin gidajen ƙasar nan yanyanka shi ake yi, a tafasa da kayan ƙanshi, sa'an nan a soya. Amma yanzu da obin, watau tanda ta zamani, ya shiga gidaje da yawa, matan aure da dama suna sha'awar su kawo shi gaban baƙi ɗungurungum a bisa tire. A nan ne kuwa ake yawan yin da-na-sani. Sai a ga fata ta yi ja tana ƙyalli, kowa yana haɗiyar yawu, amma da an sa wuƙa sai a tarar kallon kitse aka yi wa rogo: ƙirji ya bushe ƙamas, gindin cinya kuwa da sauran jini.

Wannan ba rashin iya girki ba ne kawai. Dalilin yana cikin halittar tsuntsun. Talo-talo tsuntsu ɗaya ne mai nama iri biyu, kuma ba lokaci ɗaya suke dahuwa ba. Duk hanyoyin da aka ƙago na dafa shi gaba ɗaya dabaru ne na sasanta wannan saɓani.

ASALIN TSUNTSUN

Mutanen ƙasar Meziko ne suka fara kiwon talo-talo fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Bayan da Sifaniyawa suka ci ƙasar da yaƙi tsakanin 1519 da 1521, sai suka kai shi Turai, kafin tsakiyar ƙarnin kuwa ya isa Ingila. A lokacin Ingilishi sun riga sun san zabon Afirka, wanda suke danganta shi da fataken ƙasar Turkiyya. Da suka ga baƙon tsuntsu sai suka ɗauka ɗan'uwan zabo ne, suka laƙa masa sunan Turkiyya, sunan da ya bi shi har yau. Su Turkawa kuma suna ce masa "hindi", watau na ƙasar Indiya. A nan gida Yarbawa suna kiransa tolotolo, Hausawa talo-talo.

Al'adar gasa shi ɗungurungum ta Ingila ce da Amurka. A ƙarni na 18 a ƙasa ake koro garkunan talo-talo daga yankin Nofok zuwa kasuwannin Landan, kamar yadda a da ake koro shanu daga Arewa zuwa Kurmi. A Amurka kuwa shi ne abincin Ranar Godiya, wadda Shugaba Abraham Lincoln ya mai da ita bikin ƙasa a 1863, majalisar ƙasar kuma ta tsayar da ita a Alhamis ta huɗu ta watan Nuwamba a 1941. Duk da wannan daɗewa, har yau dafa shi yana ba Amurkawa wuya. A 1981 kamfanin Butterball ya buɗe layin tarho musamman domin amsa tambayoyin masu girkin da abin ya cakuɗe musu.

INDA GIZO KE SAƘA

Talo-talo tsuntsun ƙasa ne, yini yake yi yana tafiya. Saboda haka naman cinyarsa baƙi ne, mai jijiya da ɗan maiƙo, ba ya yin laushi sosai sai zafin cikinsa ya kai wajen digiri 80 a ma'aunin santigired. Naman ƙirji kuwa fari ne, ba kitse ba jijiya, da zarar ya wuce digiri 74 sai ya shiga zubar da ruwan jikinsa. Daɗin daɗawa, idan aka kwantar da tsuntsun rigingine a cikin obin, ƙirjin da ba ya son zafi shi ne a sama yana shan wuta, gindin cinyar da ke bukatar zafi kuwa yana ɓoye a ƙasa.

Lalle ne kuma uwargida ta san irin wanda ke hannunta. Farin talo-talon gidan gona, mai faɗin ƙirji, ana yanka shi yana ɗan wata huɗu ko biyar, namansa da taushi. An yi ta zaɓen irinsa domin girman ƙirji har ya kai ba ya iya barbara da kansa. Shi ne ya dace da obin ko suya. Na gida wanda ya shekara yana yawo ya fi ɗanɗano, amma ya fi tauri, tukunya ce ta fi dacewa da shi.

Sai batun lafiya, wanda ya fi batun daɗi muhimmanci. Ɗanyen naman kaji da na talo-talo yakan ɗauki ƙwayoyin cuta irin su salmonela, masu sa zazzaɓi da amai da gudawa. Daga ƙarshen 2017 zuwa 2019 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙirga mutum 358 da suka kamu da wata salmonela da aka danganta da ɗanyen talo-talo, aka kwantar da 133 a asibiti, mutum ɗaya ya rasu. Ma'aikatar Aikin Gona ta ƙasar ta tsayar da cewa tilas zafin cikin naman ya kai digiri 74 kafin a ci.

KAFIN A HURA WUTA

Akan ƙiyasta rabin kilo ga kowane mutum, watau mai kilo 6 zai ishi mutum 12. Idan jama'a sun fi haka, gara a sayi matsakaita biyu da a sayi ƙato ɗaya, domin ƙaton ya fi wuyar dahuwa daidai.

Wanda ya sayi mai rai, ya yanka tun ana gobe. A fige shi da ruwa mai zafi amma ba tafasasshe ba, domin tafasasshen ruwa yakan yaga fata, ita kuwa fatar ita ce rigar da za ta tsare naman daga bushewa. A fitar da kayan ciki ta ƙasa a hankali kada matsarmama ta fashe. A wanke shi nesa da sauran abinci, kana a wanke hannu da wuƙa da katako da sabulu. Sa'an nan ya kwana cikin firji, gama naman da aka dafa da ɗuminsa yakan yi tauri. Wuya da ƙundu da hanta a keɓe su domin romo.

Mai sayen daskararre ya lura da inda ya fito. Tun farkon shekarun 2000 Gwamnatin Tarayya ta hana shigowa da daskararrun kaji da talo-talo, wanda aka yi fasa-ƙwaurinsa kuwa yana iya narkewa a hanya a sake daskarar da shi. Na gonakin cikin gida ya fi kwanciyar hankali. Narkar da shi a firji yana cin awa 24 ga kowane kilo 2, watau kwana uku ga mai kilo 6. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, sai a ɗaure shi cikin leda a nutsar cikin ruwan sanyi, ana sake ruwan duk bayan minti 30. Wannan yana cin awa ɗaya da 'yan mintoci ga kowane kilo, kuma da ya narke sai a ɗora. Kada a kuskura a bar shi a fili ya kwana, domin kafin cikinsa ya narke bayansa ya riga ya fara lalacewa.

Babban sirrin laushi shi ne gishiri tun da wuri. A auna wajen giram 10 ga kowane kilo, a haɗa da dakakkiyar citta da tafarnuwa da masoro da ɗan kanumfari. A zura hannu tsakanin fata da tsokar ƙirji a shafa, a shafa a cinyoyi da cikin ciki, a mayar firji ya yi kwana ɗaya ko biyu. Gishirin zai ratsa tsokar ya sa ta riƙe ruwanta a kan wuta. Wasu kuma sukan jiƙa shi cikin ruwan gishiri, giram 50 a kowace lita, na awa 12 zuwa 24, amma tilas ruwan ya zauna da sanyi har a gama.

HANYA TA FARKO: GASHIN OBIN

A kunna obin ya kai digiri 165, kada ya gaza haka. A goge tsuntsun ya bushe, a shafe shi da man shanu ko man gyaɗa, a lanƙwasa fikafikai ƙarƙashinsa. A shimfiɗa albasa da karas cikin tire mai ɗan zurfi, a zuba ruwa kofi ɗaya, a ɗora shi bisa. Mai kilo 4 zuwa 5 yana bukatar kusan awa 3. Mai kilo 6 yana cin awa 3 zuwa 3 da minti 45. Mai kilo 10 kuwa sai ya kai awa 4 da rabi zuwa 5.

Dabarar ceton ƙirji iri biyu ce. Ko dai a rufe ƙirjin kaɗai da takardar alminiyam, a bar cinyoyi a buɗe, sai saura kamar awa ɗaya a yaye domin fata ta yi ja. Ko kuwa a fara gasa shi a kife, ƙirji a ƙasa, bayan awa ɗaya da rabi a fito da shi a juya da tsumma mai kauri. Ta biyun tana bukatar ƙarfin hannu da lura, gama maiƙon da ke cikinsa yana ƙuna.

Yawan buɗe obin domin a yayyafa romo ba ya ƙara wa naman laushi, zafi kawai yake fitarwa ya ja lokaci. Haka kuma Turawa sukan cusa haɗin burodi da albasa a cikin tsuntsun. Abin lura shi ne wannan haɗi yana tsotse ɗanyen ruwan nama, saboda haka shi ma sai ya kai digiri 74, kafin nan kuwa ƙirji ya wuce misali. Ya fi sauƙi a dafa shinkafa ko dankali dabam, a sa albasa da rabin lemun tsami kawai a cikin domin ƙanshi.

HANYA TA BIYU: TSAGA BAYA

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai gashin kaji da zabi a bakin titi. A kifa tsuntsun, a sa kakkaifar wuƙa ko babban almakashi a yanke ƙashin baya ta gefe biyu a cire. A juya shi, a danna ƙirji da hannu biyu har ƙashi ya yi ƙara, ya baje shimfiɗe.

Da haka an warware matsalar tun daga tushe. Cinyoyi sun fito fili suna fuskantar wuta, kaurin naman ya zama kusan ɗaya, fata duka tana sama. Ana iya ɗaga obin zuwa digiri 220 ko 230, mai kilo 5 zuwa 6 ya dahu cikin kamar awa ɗaya da rabi, watau rabin lokacin hanyar farko. Gas ko lantarkin da za a ƙona ma ya ragu, ƙashin bayan kuma ya shiga tukunyar romo. Aibinta ɗaya ne: ba ya zuwa gaban baƙi da ƙirarsa ta hoto. Amma ba girin-girin ba, ta yi mai.

HANYA TA UKU: GAWAYI DA HAYAƘI

Gidan da ba obin yana iya aiki da murhun gawayi mai murfi, ko rabin duro da aka yi wa marufi, muddin an tabbata ba a taɓa zuba wani abu mai guba a cikinsa ba. Ƙa'idar ita ce kada a ɗora tsuntsun daidai kan garwashi, in ba haka ba fata za ta ƙone cikinsa ɗanye. A raba garwashi gida biyu, hagu da dama, a sa kwano da ruwa a tsakiya, tsuntsun a bisa waya daidai saman kwanon, cinyoyi suna kallon wuta. A rufe, a bar 'yar kafar iska, ana ƙara gawayi duk bayan awa ɗaya.

Kada ya wuce kilo 7, kada kuma a cusa masa kome. Kowane kilo yana cin minti 35 zuwa 40. A kudancin Amurka sukan rage wuta zuwa tsakanin digiri 110 da 150, su jefa gutsattsarin icen itatuwa masu 'ya'ya domin hayaƙi ya ratsa, abin da ya yi kama da banda, sai dai ba a bari naman ya bushe. A guji ice mai fenti ko mai ƙaro. Ƙuli-ƙulin yajin tsire yana saurin ƙonewa, don haka sai daf da saukewa ake barbaɗa shi.

HANYA TA HUƊU: SUYA CIKIN MAI

Daga jihar Luwiziyana ta kudancin Amurka wannan hanya ta bazu, kuma man gyaɗa suka fi so domin yana jure zafi. Ita ce ta fi sauri, minti 7 zuwa 11 ga kowane kilo cikin mai mai zafin digiri 175, fata ta fito rumus, nama da danshi. Ita ce kuma ta fi haɗari. Hukumomin kashe gobara na Amurka sun tabbatar da cewa ba ranar da gobarar girki ta fi yawa a ƙasar kamar Ranar Godiya, kuma duk shekara suna jan kunne game da irin wannan suya.

Mai niyya ya kiyaye waɗannan. Tsuntsun kada ya wuce kilo 5 da rabi. Tun da fari a sa shi cikin doguwar tukunya, a zuba ruwa har ya rufe shi, a cire shi, a yi alama inda ruwan ya tsaya. Iyakar man ke nan, kuma lalle ya rage sarari mai yawa zuwa bakin tukunya. A zubar da ruwan, a goge tukunya da tsuntsun su bushe sarai ciki da waje. Ƙanƙara ko ruwa idan suka haɗu da tafasasshen mai nan take suke zama tururi, man ya yi ambaliya bisa wuta. A yi suyar a tsakar gida nesa da ɗaki da rumfa, a kori yara, a kashe wuta kafin a zura shi sannu a hankali da ƙugiya, sa'an nan a sake kunnawa. Idan mai ya kama wuta ba a zuba masa ruwa. Man da za a bukata ya kai lita 12 ko fiye, wannan ma abin lissafi ne.

HANYA TA BIYAR: TUKUNYA

Mutanen Meziko da suka fara kiwonsa tukunya suka fi ba amana. A yankin Puwebla sukan tafasa shi su zuba masa wata miya mai kauri ta barkono da riɗi da cakulan. Ga tsohon talo-talon gida babu hanyar da ta fi wannan, kuma ana iya yinta ba tare da an yanyanka shi ba.

A ɗaure ƙafafu da zare, a kwantar da shi rigingine cikin babbar tukunya bisa albasa mai yawa da citta da tafarnuwa da kimba da attarugu. A zuba ruwa iyakar cinyoyi, kada ya hau ƙirji. A rufe ruf, a rage wuta ya riƙa tafasa a hankali na awa 2 zuwa 3, gwargwadon tsufansa. Ta haka cinya tana dahuwa cikin romo, ƙirji kuma cikin tururi, kowa ya sami abin da yake so. Sa'an nan a ɗaga shi da kulawa, a shafa mai da yaji, a kai shi kan garwashi ko cikin obin mai zafi na minti 20 zuwa 30 domin ya yi ja. Romon kuwa ya isa a dafa shinkafar gida duka. Mai haƙuri, in ji masu iya magana, shi ke dafa dutse ya sha romonsa.

YADDA AKE GANE YA DAHU

Agogo ƙiyasi kawai yake bayarwa, domin kowane obin da halinsa. Alƙali na gaskiya shi ne ma'aunin zafi na nama, ɗan tsinke mai araha idan aka kwatanta da kuɗin tsuntsun. A soka shi wuri uku: tsakiyar ƙirji, da gindin cinya, da gindin fiffike, kada ya taɓa ƙashi. Ko'ina ya nuna 74 ko fiye. Wanda ba shi da ma'auni ya soka wuƙa a gindin cinya har ƙashi, ya ga ruwan ya fito garau ba ja, ƙafar kuma tana motsi sakwa-sakwa. Amma launi yakan yi ruɗi, musamman ga wanda ya sha hayaƙi, wanda yakan zauna da ɗan ja ko ya dahu lugub.

Bayan an sauke a bar shi ya huta minti 20 zuwa 30 kafin a sa wuƙa. Idan aka yanka da zafinsa, ruwan da aka yi ta wahalar tsarewa sai ya malale cikin tire.

Saura ragowa, inda mutane da yawa ke sakaci. Ƙa'idar masana ita ce kada dafaffen nama ya wuce awa 2 a fili, idan kuwa zafin gari ya haura digiri 32, kamar yadda yake yi a yawancin garuruwan ƙasar nan da rana, to awa ɗaya ce tak. A zare naman daga ƙashi, a rarraba cikin ƙananan kwanoni domin ya yi saurin hucewa, a sa firji, a cinye cikin kwana 3 zuwa 4, ana ɗumama shi sosai kafin a ci. Inda ba firji abin dogara, a soya ragowar a daren, ko kuwa a yi abin da aka gada, watau a aika wa maƙwabta.

A taƙaice, mai ƙaramin obin da ƙarancin lokaci ya tsaga baya. Mai son burge baƙi ya gasa a obin ya rufe ƙirji. Mai tsohon talo-talo ya nufi tukunya, mai gawayi ya raba garwashi. Suya cikin mai kuwa sai wanda ke da fili da kayan aiki da natsuwa. Kowace aka zaɓa, a sa gishiri tun jiya, a auna gindin cinya kafin a sauke.